Idan Akuyarki Ta Fara Ɗingishi: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Game Da Gaɓoɓin Dabbobin Gida

Yau ba maganar zazzaɓin yara ko abincin mai ciki na zo miki da ita ba. Turken awaki za mu leƙa, kuma da abin kunyar da ya same ni zan fara.

Daminar bara jar akuyata ta haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Tun kafin su miƙe na gama yi musu lissafi: macen a bar ta ta hayayyafa, namijin kuwa in turke shi in sayar, in rage kuɗin makarantar babbar 'yata. Ranar ina aikin dare. Da na dawo da safe na tarar sun bushe suna tsotso, na yi hamdala na shige na kwanta.

Kwana 12 da haihuwa namijin ya fara ɗingishi. Na ce ko uwar ce ta taka shi. Bayan kwana biyu gwiwarsa ta gaba ta kumbura kamar lemon tsami, ga zafi rau, ya daina bin 'yar'uwarsa tsalle. Maƙwabciyata ta ce a shafa man zafi, wani ya ce a kai wa mai ɗori. Sai a rana ta huɗu na naɗe shi a zani muka tafi asibitin dabbobi.

Likitan bai fara ta ƙafar ba. Kwantar da shi ya yi rigingine, ya laluba cibiyarsa. Ta kumbura ta yi tauri, da ya matsa sai ga mugunya. Ya ɗago ya ce, "Sista, me kika sa masa a cibiya ranar da aka haife shi?"

Na rasa bakin magana. Ni da kullum nake yi wa masu jego faɗa a kan cibiyar jarirai, ni ce na bar ɗan akuyata ya kwana da ɗanyar cibiya a kan jiƙaƙƙen kashin awaki. Ta nan cutar ta shiga jini, ta je ta sauka a gwiwa. An yi masa allurai ya rayu, amma ƙafar ta sandare, bai ƙara lanƙwasa ta ba.

Daga nan na koma ga littattafai, na kuma riƙa tsayawa ina kallo duk lokacin da ake gyaran nama a gidanmu. Abin da na fahimta shi ne, gaɓa ɗaki ne rufaffe, mai santsi, mai tsabta. Matuƙar yana rufe kuma yana motsi, dabba na lafiya. Ranar da datti ya shiga, kwanaki kaɗan gare ki kafin ɓarnar ta zama ta dindindin. Idan kin san yadda aka gina ɗakin nan, za ki gane ɗingishin da ke iya jira da wanda ba ya jira.

Gaɓa iri uku ce

Duk inda ƙashi biyu ko fiye suka haɗu, gaɓa ce, ko tana motsi ko ba ta yi. Likitocin mutane da na dabbobi sun kasa su gida uku, bisa abin da ya haɗa ƙasusuwan.

Ta farko ita ce wadda aka ɗinke. Idan kin taɓa gyara kan rago kin ga wasu layuka masu karkace-karkace a jikin ƙoƙon kan, kamar ɗinkin da gyartai ke yi wa fasasshiyar ƙwarya. Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne, ɓallaye ne da yawa da zaruruwa masu tauri suka haɗe. Ba a son su motsa, domin ƙwaƙwalwa suke tsaro. Kin san irin wannan a jikin jaririnki: maɗiga ita ce wurin da ɓallayen ba su gama haɗuwa ba, kuma takan rufe kafin yaro ya cika shekara 2. Zaman haƙori a cikin raminsa ma wannan sahun yake.

Ta biyu ita ce wadda guringuntsi ya haɗa. Tana ɗan motsi, ba da yawa ba. Farin faifan nan mai danƙo da kike gani tsakanin ƙasusuwan wuya da na gadon baya idan ana sara nama, shi ne misali. Kowane faifai kaɗan yake ba da kai, amma da yake suna da yawa a jere, sai ga akuya ta lanƙwaso ta soshi bayanta da ƙaho. Haka muƙamuƙin ƙasa na tumaki da awaki: ɓari biyu ne da suka haɗu a haɓa, shi ya sa idan kai ya dahu sosai sai ki ga ya rabe gida biyu.

Ta uku ita ce mai ruwa, kuma ita ce mai cikakken motsi: gwiwa, kafaɗa, ƙugu, muƙamuƙi da duk gaɓoɓin ƙafa. Kusan duk ɗingishin da ya samo asali daga gaɓa, daga irin wannan yake fitowa, don haka a nan za mu daɗe.

Ki buɗe ɗaya ki gani

Gani ya kori ji. Ran da aka kawo miki ƙafar rago ko ta sa, kada ki bari a sara ta da gatari. Ki ɗauki wuƙa mai kaifi, ki lanƙwasa gaɓar, ki yanka a hankali daidai inda ta naɗe. Abu biyar za ki tarar.

Da farko wuƙarki za ta ci karo da wata farar jaka mai tauri da ta lulluɓe mahaɗar gaba ɗaya. Ita ce bangon ɗakin. Bayanta kauri gare shi, cikinta kuwa tantani ne mai laushi, mai jijiyoyin jini da yawa.

Kina huda ta sai wani ruwa ya ɗigo, garai-garai ko mai ɗan rawaya, mai yauƙi kamar farin ƙwai. Tantanin nan na ciki ne ke samar da shi. Shi ne man gaɓa. A lafiyayyar dabba ɗan kaɗan ne, bai wuce ya jiƙa miki yatsa ba, kuma ba ya wari.

Sai kawunan ƙasusuwan biyu. Ki shafa da yatsa: fari ne mai sheƙi da ɗan shuɗi-shuɗi, ya fi tangaran santsi. Wannan shi ne guringuntsin gaɓa, kuma a kansa duk maganarmu ta yau ta rataya. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, ba shi da jijiyar jin zafi. Daga ruwan nan mai yauƙi yake cin abinci. Idan dabba ta taka, ya matse kamar soso, idan ta ɗaga ƙafa, ya tsotsi sabon ruwa. Ma'ana, motsi shi ne cinsa da shansa. Da yake jini ba ya kai masa, idan ya lalace da ƙyar yake warkewa, sau da yawa ma ba ya komawa yadda yake.

Na huɗu da na biyar mu da Hausa duk jijiya muke ce musu, amma aikinsu daban. Akwai gajerun da suka ɗaure ƙashi da ƙashi ta gefe da gefe, su ne ke hana gaɓa lanƙwasa ta inda bai kamata ba. Idan suka yage ko suka miƙe fiye da ƙima, shi ne targaɗe. Idan ƙashin ya fice daga mazauninsa, shi ne gocewa. Sannan akwai dogayen da suka taso daga tsoka suka kama ƙashi, irin su agara. Tsoka na ja, su kuma su ja ƙashin, kamar igiya da guga. Ki ja farar jijiyar da ke bayan ƙafar da kika yanka, za ki ga kofaton ya naɗe. Ki kira yara su gani, ba za su manta ba.

Waɗannan jijiyoyi da guringuntsi su ne ke narkewa idan farfesun ƙafa ya daɗe a wuta, shi ya sa romon ke danƙo a leɓe, idan ya huce kuma ya daskare.

Gwiwar da ba gwiwa ba

Ga wani abu da ya ba ni mamaki duk da karatuna. Abin da muke kira gwiwar gaba ta akuya, wadda take durƙusawa a kai, ba gwiwa ba ce. Wuyan hannu ne. Ƙananan ƙasusuwa 6 ne a ciki, jere biyu, inda namu wuyan hannun ke da 8. Gwiwar hannunta tana can sama, manne da ƙirji.

A baya ma haka. Gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya, wadda yara ke cewa gwiwar akuya ta juye, idon sawu ne, tsinin kuma dunduniya ce. Gwiwa ta gaskiya, mai ƙoƙon gwiwa irin namu, tana sama kusa da kwiɓi, nama ya rufe ta. Kaza ma haka take: abin da kike gani yana lanƙwasa baya idon sawunta ne.

Ashe kenan akuya a kan yatsu take tafiya, yatsu biyu, kofato kuma farcensu ne. Doki da jaki a kan yatsa ɗaya tak. Dogon ƙashin da muke ce wa ƙwauri, daidai yake da ƙasusuwan tafin hannunmu, guda biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya. Daga ƙarshensa zuwa ƙasa kowane yatsa na da gaɓa uku, ta ƙarshe tana ɓoye cikin kofato. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani idan mun zo maganar ruɓewar kofato.

Wani abin lura: ba ƙashin da ya haɗa hannun rago da gangar jikinsa. Awaki, tumaki, shanu da dawaki ba su da ƙashin nan da ya taso daga ƙasan wuyanmu zuwa kafaɗa. Tsoka ce kawai ta rataye ƙirji a tsakanin allunan kafaɗa biyu. Shi ya sa mahauci ke zare karfata da wuƙa kaɗai ba tare da ya sari ƙashi ba, alhali cinya sai ya nemo mahaɗarta. Ƙafafun gaba kuma su ke ɗauke da fiye da rabin nauyin dabba. Don haka jan akuya ta ƙafar gaba ɗaya, ko ɗaga ɗanta ta hannu kamar yadda yara ke yi, tsoka da jijiya ake yaga.

Kowace gaɓa da irin motsinta

Siffar kan ƙashi ita ke yanke irin motsin da gaɓa za ta yi.

Akwai mai buɗewa da rufewa kawai, kamar ƙyauren ɗaki. Gwiwar hannu da gaɓoɓin ƙasan ƙafa irin wannan ne. Yawancin gaɓoɓin ƙafar dabba mai kofato gaba da baya kaɗai suka sani, domin an yi su ne don tafiya mai nisa da gudu. Idan kika ga irin wannan gaɓa tana karkata gefe, jijiyar ɗaurinta ta tsinke ko ƙashi ya karye.

Akwai turmi da taɓarya: kan ƙashi mai dunƙule ya zauna cikin rami. Ƙugu da kafaɗa kenan. Su suka fi kowace 'yancin juyawa, ko da yake a jikin dabba tsoka ta ɗaure su, ba sa kai namu sakewa.

Akwai mai juyi a wuri ɗaya. Ƙashin wuya na farko da na biyu ne ke ba dabba damar girgiza kai hagu da dama, mahaɗar ƙoƙon kai da ƙashin farko kuma ita ke gyaɗa kai sama da ƙasa. Ƙasusuwan wuya 7 ne a jikinki, 7 a jikin akuya, 7 a jikin raƙumi duk da tsawon wuyansa. Tsawon kowane ƙashi ne ya bambanta.

Akwai mai zamewa, kamar ɗan dutse a kan dutsen niƙa. Wasu daga cikin ƙananan ƙasusuwan gwiwar gaba da na idon sawu haka suke gogar juna kaɗan-kaɗan, suna shanye jijjigar dira. Shi ya sa akuya ke faɗowa daga katanga ta wuce abinta.

Ki kuma kalli muƙamuƙi. Tunkiya na tuƙa, haɓarta na zagayawa gefe zuwa gefe tana niƙa. Kare da mage kuwa sama da ƙasa kawai nasu ke yi, kamar almakashi, don yanka nama. Jaki da doki kuma suna da wata baiwa: suna iya maƙale ƙoƙon gwiwarsu a kan wani tudu na ƙashin cinya, ƙafar ta kulle ba tare da tsoka ta wahala ba. Da wannan suke gyangyaɗi a tsaye.

Ga wata mai amfani ga mai akuya mai ciki. Cikin akuya kusan kwana 150 ne. Idan haihuwa ta matso, jijiyoyin ƙugu kan saki don ɗa ya samu hanya, kamar yadda ke ma kika ji kwankwasonki ya sake a watan haihuwa. Ki riƙa taɓa gefe biyu na gindin wutsiya. Za ki ji jijiyoyi biyu masu tauri kamar fensir. Ranar da kika taɓa kika ji sun ɓace, wurin ya yi laushi ya lotsa, yawanci haihuwa ba za ta wuce yini da kwana ba. Ranar ce ta share wuri da tanadin aidin. Da na san wannan bara, da ban tafi aikin dare ban bar sallahu ba.

Yadda za ki duba mai ɗingishi

Ki fara da kallo daga nesa, a sa yaro ya kora ta a hankali. Idan ƙafar gaba ce ke ciwo, za ki ga tana ɗaga kai sama duk lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa, tana sauke shi idan mai lafiyar ta taka. Idan tana kiwo a durƙushe, ƙafafun gaba ne suka dame ta.

Sannan ki kama ta, ki fara daga ƙasa zuwa sama, domin mafi yawan ɗingishi a kofato yake, ba a gaɓa ba. Ki wanke shi, ki buɗa tsakanin yatsun: ƙaya, ƙusa, tsakuwa, busasshen taɓo, wari. Idan ba komai, ki hau sama gaɓa bayan gaɓa. Jikin akuya dama ya fi namu ɗumi, kusan digiri 39 yake, saboda haka kada ki auna da jikinki. Ki riƙe ƙafar mai ciwo da hannu ɗaya, takwararta da ɗaya hannun, ki gwada. Wacce ta fi zafi? Wacce ta fi kauri? Ki lanƙwasa a hankali, ki ga inda za ta fizge.

Idan kin cire ƙaya, ko ɗan targaɗe ne kuma tana ci tana sha tana ɗan takawa, ki killace ta a busasshen wuri kwana biyu ki gani. Amma waɗannan ba sa kwana:

Gaɓa mai kumburi da zafi, musamman a ɗan da bai wuce wata ɗaya ba.
Gaɓa fiye da ɗaya ta kumbura lokaci guda.
Ta ƙi taka ƙafar sam, ko ƙafar na reto.
Rauni kusa da gaɓa da ke fitar da ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai.
Ɗingishi tare da ƙin cin abinci ko daina tuƙa.

Abubuwa biyar da ke lalata gaɓa a gidajenmu

Cibiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗanyar cibiya ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa jini, ƙwayoyin cuta kuma idan sun shiga jini suna son sauka a tantanin gaɓa. Ruwan nan garai-garai sai ya koma mugunya, mugunyar ta cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Rigakafin ba tsada. Ki zuba aidin a murfin kwalba, ki tsoma cibiyar duka har gindinta da zarar an haihu, ki maimaita bayan 'yan awanni. Ki tabbatar ɗan ya sha dakashi cikin awannin farko, domin 'ya'yan awaki da tumaki da shanu ba sa samun garkuwar uwa tun a ciki kamar jariranmu, daga dakashi kaɗai suke samu, kuma bayan yini da kwana hanjinsu ya daina karɓarta. Sannan shimfiɗa ta zama busasshiya.

Kofato. Dabbar da ke yawo a tsandauri kofatonta na cinyewa da kansa. Wadda ke turke a kan taki nata tsawo yake yi ya naɗe, ta koma taka ƙasa a karkace, nauyin ya faɗa gefe ɗaya na gaɓoɓin sama. Ki riƙa dubawa duk bayan sati 6 zuwa 8, a datse wanda ya yi tsawo. Da damina kuma laka da fitsari kan jiƙa fatar tsakanin yatsu ta ruɓe, da wari mai tashin zuciya. Kin tuna gaɓar ƙarshe da ke cikin kofato? Idan aka bar ruɓewar ta yi zurfi, can take isa.

Abinci. Ƙashin ƙaramar dabba daga wani siririn layin guringuntsi da ke kusa da gaɓa yake tsawo. Idan abinci bai daidaita ba, wurin ne ke kumbura, ƙafafu su gwame. Dusa zalla ba ta gina ƙashi, domin sinadarin kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Harawar wake da ta gyaɗa su ke cike giɓin, tare da hasken rana. Mai turka rago kuma ta kiyaye ɗura masa hatsi da yawa lokaci guda don ya yi saurin ƙiba. Yakan ɓata masa tumbi, ya kuma kunna zafi a cikin kofato, ki ga rago yana tafiya kamar mai taka garwashi. Babban rago irin Balami ko Uda ga nauyi, ga tsayuwa wuri ɗaya wata da watanni. A riƙa kwance shi yana zagaya tsakar gida. Kin san dai dabbar da gurguncinta ya bayyana ba ta isar wa layya, mai saye kuma ƙafa yake fara kallo.

Igiya da hannun mutane. Siririyar igiyar leda da aka ɗaura a ƙafa tana cin fata har ta kai jijiya. A ɗaura a wuya da igiya mai kauri, ko a naɗa tsumma a ƙarƙashinta. Haɗe ƙafafu huɗu a ɗaure tamau a bayan babur na tsawon tafiya, hawan da yara ke yi wa rago, da jan ɗa da ƙarfi lokacin haihuwa, duk suna barin tabo a gaɓa.

Bakkale. Wannan ita ce ta fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya, domin ba ta tsayawa a garke. Makiyaya sun san ta: saniya ta yi ɓari cikin ya tsufa, mabiyiya ta maƙale, a wasu kuma a ga ƙullutu mai ruwa a gwiwar gaba, mai laushi, marar zafi sosai. Awaki da tumaki ma na ɗauka. Tana shiga mutum ta ɗanyar madara da ta taɓa ɓarin ko mabiyiya da hannu tsirara. A jikin mutum zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, gumin dare, kasala, ciwon gaɓoɓi da na baya. Sau da yawa a yi ta shan maganin maleriya da na taifot ba sauƙi. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne na aƙalla sati 6, ƙarƙashin kulawar likita. Ki tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita ta zama nono, domin tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ɓari da mabiyiya a ɗauke su da safar hannu ko leda, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Mai ciki kada ta kusanci wurin. Idan wani a gida na fama da irin wannan zazzaɓi, ki faɗa wa likita cewa kuna kiwo. Wannan jimla ɗaya kan sauya gwajin da zai rubuta.

Abin da ba a yi wa gaɓa

Kada a yi wa kumburarriyar gaɓa sakiya, kada a tsaga, kada a ɗora ƙarfe mai zafi. Ƙurji daban, gaɓa daban. Wanda ya huda gaɓa da abin da ba a tsarkake ba, ya buɗe wa cuta ƙofa da hannunsa.

Kada a murza ko a ja gaɓa mai zafi da sunan ɗori. Ɗori na karaya ne, ba ya fitar da mugunya.

Kada ki buɗe kwandon magungunan gida ki ba dabba. Awonsu daban da namu. Kafso da aka ɗura wa babbar akuya ta baki yakan kashe ƙwayoyin da ke narkar mata da ciyawa a tumbi, farasitamol kuwa kashe mage yake yi. Maganin kashe zafi kuma yana ɓoye ɗingishi alhali guringuntsi na ci gaba da lalacewa.

Idan likita ya rubuta allurar kwanaki, a cika su ko da dabbar ta miƙe. Ki kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a yanka ta, domin magani na saura a nama da madara. Wajen gyaran nama, idan kika buɗe gaɓa kika ga ruwan ya yi gurɓi, ko mugunya, ko wari, ki zubar da wannan sashen ki wanke wuƙa da hannu da sabulu. Idan gaɓoɓi da yawa ne haka, cutar ta zaga jini, sai ma'aikacin duba nama ya gani kafin a ci.

Kafin mu rabu

Ginin gaɓar akuya da na ɗanki ɗaya ne: jaka, ruwa, guringuntsi, jijiya. Don haka dokar ma ɗaya ce. Yaron da gaɓarsa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ya ƙi takawa, ko jaririn da ya daina motsa hannu ko ƙafa ɗaya yana ihu idan an taɓa, asibiti za a nufa da shi a ranar, ba gidan mai ɗori ba. Idan mai sikila ne, gaggawar ta ninka. Cibiyar jariri kuma maganin da aka ba ki a asibiti kaɗai za a sa mata, ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma.

Bunsurun nan nawa na sayar da shi daga baya. Mai sayen ya zagaya shi sau ɗaya, ya kalli ƙafar, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin abin da na sa rai ba, kuma ban yi musu ba. Kuɗin makarantar sai da na ci bashin adashi na cika.

Watan jiya uwar ta sake haihuwa. Kwana uku ina taɓa gindin wutsiyarta safe da yamma, ranar da na ji wurin ya lotsa na roƙi abokiyar aikina muka yi musayar dare. Na share ɗakin, na shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi, na ajiye kwalbar aidin a kan taga. 'Yata ce ta riƙe min fitila na tsoma cibiyoyin. Yanzu haka da nake wannan rubutu su biyun suna kan buhun dusa suna dirowa.

Idan kina da mai ciki a turke, ki sayi aidin ɗinki tun yau, kada ki jira ranar. Allah Ya sa albarka a abin da muke kiwo, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.